Samarin da Ba Su Dawo Ba: Birnin Kano da Haƙƙin Sojan da Ya Faɗi a Fagen Fama

A ranar 15 ga Janairun kowace shekara Nijeriya takan yi bikin tunawa da mazan jiya, wato sojojin da suka rasa rayukansu a yaƙe-yaƙen da ƙasar ta shiga, inda shugaban ƙasa a Abuja da gwamnoni a manyan biranen jihohi, har da Kano, sukan ajiye furanni, a harba bindiga sama, sannan a saki fararen tantabaru alamar fatan zaman lafiya. An zaɓi ranar ne domin ita ce ranar da Yaƙin Basasa ya ƙare a shekarar 1970, kafin nan kuwa ranar 11 ga Nuwamba ake yin bikin, kamar yadda ake yi a Ingila da ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka.

A cikin ganuwar Kano, a lungunan Yakasai da Mandawari da Dala da Gwale, tunawa da sojan da ya faɗi tana da wata siffa dabam. Akan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a jera butoci a gefe, dattawan unguwa su zauna tare da mahaifin mamacin kwana uku, duk wanda ya iso ya ɗaga hannu a yi addu'a, ya ce "Yaya ƙarin haƙuri?", a amsa masa da godiya. Abin da ya bambanta wannan zaman makoki da sauran shi ne sau da yawa babu makarar da ta fita daga gidan, domin an riga an binne saurayin a Maiduguri ko a wani gari mai nisa.

Tsakanin bikin gwamnati da tabarmar ƙofar gida akwai giɓi mai faɗi, kuma a cikinsa ne sunan ƙaramin soja yake ɓacewa. Bikin yana girmama kowa a dunƙule ba tare da ambaton kowa ba, makokin unguwa kuma yana watsewa bayan kwana uku, daga nan sai a bar uwa da matar mamaci da marayunsa da ɗawainiyar tunawa su kaɗai. Wannan matsala ta daɗe a Kano, tana kuma ƙara tsananta tun da yaƙin arewa maso gabas ya fara cin samari a shekarar 2009.

Birnin da aka gina da shirin yaƙi

Kano ba baƙuwar yaƙi ba ce, kuma ganuwarta ita ce shaida ta farko. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar a farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, aka sake faɗaɗa ta a ƙarni na 17, kuma a da kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa mai rufe ta idan dare ya yi. Littafin ya kuma danganta shigowar lifidi da kwalkwali da sulke ga zamanin Sarki Kanajeji. Lifidi rigar kariya ce mai kauri da ake cusa wa auduga domin doki da mahayinsa, sulke kuwa riga ce ta zobban ƙarfe, kuma har yau ana ganin su a hawan salla da kuma ɗakunan ajiya na Gidan Makama.

Al'adar birnin ta tanadi hanyoyin adana sunan jarumi, waɗanda suka haɗa da kirari da waƙar makaɗan fada da sarautun yaƙi irin su Madaki da Barde da Sarkin Dawaki, da kuma sunayen unguwanni da gidaje da ake gada kaka da kakanni. Sai dai waɗannan hanyoyi na manya ne. Tarihi ya riƙe cewa Sarki Kutumbi ya rasu sanadiyyar yaƙi da Katsina a tsakiyar ƙarni na 17, Sarki Alwali ya faɗi a Burumburum a zamanin jihadi, Sarki Tukur kuma an kashe shi a Tafashiya a ƙarshen basasar Kano ta shekarun 1890, amma dakarun ƙasa da 'yan baka da masu ɗaukar guzuri da suka mutu a kewaye da su babu wanda ya rubuta sunayensu.

Shekarar 1903: samari a ɓangarori biyu na ganuwa

A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji a kan hanya, ta iso Kano ranar 3 ga Fabrairu ɗauke da igwa da bindiga mai ruwa, a daidai lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato da mafi yawan dawakin Kano. Turawan suka fasa ta yammacin birni wajen Ƙofar Kabuga, Sarkin Shanu kuma, wanda aka bar wa tsaron gari, ya ja da baya zuwa Gidan Rumfa, ya yi ta faɗa har aka kashe shi a can. Rahotannin Turawan da kansu sun nuna cewa ɗaruruwan Kanawa sun mutu a wannan rana.

A ƙarshen watan, rundunar Kano da ke dawowa daga Sakkwato ta gamu da 'yan sintirin Turawa kusa da Kwatarkwashi, a Jihar Zamfara ta yau, inda Waziri Ahmadu ya ƙi miƙa wuya, ya ja mahayansa suka yi ta kai hari cikin ruwan harsashi har ya faɗi. Kanawa suka sa masa suna Mai Shahada, kuma da wannan laƙabi ake ambatonsa har gobe. Mahayan da suka bi shi, waɗanda da yawansu samari ne daga gidajen birni da ƙauyukan masarauta, sun shiga tarihi a matsayin adadi kawai.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika ambatonsa ba. Rundunar da ta ci Kano tana da Turawa 'yan kaɗan ne, sauran kusan mutum ɗari bakwai baƙaƙen fata ne, kuma da yawansu Hausa suke ji. Asalin sojan Nijeriya kansa yana komawa ne ga wata ƙaramar ƙungiya da wani Bature mai suna Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda aka sani da Hausawan Glover, kuma Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki. Wannan tushe ya sa mutanen cikin birni suka daɗe suna kallon aikin soja a matsayin aikin Nasara, wanda ɗan mutunci ba ya shiga, kuma wanda ya mutu a cikinsa ba a cika ɗaga murya wajen ambatonsa ba.

Daga Kamaru zuwa Burma

A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Nijeriya sun yaƙi Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a wurare irin su Garwa da Mora da Banyo, daga nan aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka, inda suka yi babbar asara a gumurzun Mahiwa a Oktoban 1917. Tare da su akwai dubban 'yan dako, wato masu ɗaukar kaya da harsashi a ka, waɗanda cuta da yunwa suka kashe fiye da yadda bindiga ta kashe.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, ya fi taɓa gidajen Kano kai tsaye, domin ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa tara samari, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Sojojin Nijeriya sun shiga Mogadishu a 1941 a yaƙin da aka yi da Italiya, sannan aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka tura su Burma, inda suka fafata da Japan a kwarin Kaladan a 1944, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Dubun dubatar 'yan Nijeriya ne suka je wannan yaƙi, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana kawo labarinsu, kuma da waɗanda suka tsira suka dawo Sa'adu Zungur ya yi musu waƙarsa ta Maraba da Soja.

Waɗanda ba su dawo ba, wasu an binne su a maƙabartar yaƙi ta Taukkyan kusa da birnin Yangon, wasu kuma sunayensu ne kawai aka sassaƙa a jikin bango domin ba a san inda ƙasa ta rufe su ba. A Nijeriya abin da ya rage na tunawa da su shi ne sunayen barikoki, kamar Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, da Letmauk a Ibadan, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, waɗanda duk daga yaƙin Burma aka samo su. Barikin Bukavu da ke kan hanyar Katsina a Kano shi ma sunan wani gari ne a gabashin Kwango, ƙasar da sojojin Nijeriya suka yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960 zuwa 1964. Wuraren da aka yi faɗa sun samu suna a jikin allo, mutanen da suka mutu a wuraren kuwa ba su samu ba.

A Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoton da ya tabbatar da cewa fiye da mutum dubu ɗari da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawansu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba ko kuma ba a yi musu wata alama ba sam, alhali kowane Bature an yi masa dutse da sunansa. Gwamnatin Birtaniya ta nemi gafara a gaban majalisarta. Wannan wariya ta Turawa ce, amma tambayar da ta bari ita ce ko Nijeriya mai 'yancin kanta ta gyara abin da ta gada.

Murtala da waɗanda ke bayansa

Babu sojan da Kano ta riƙe sunansa kamar Janar Murtala Ramat Muhammad, ɗan unguwar Kurawa, wanda aka haifa a 1938, ya yi karatu a kwalejin gwamnati ta Zariya da makarantar hafsoshi ta Sandhurst, ya yi aiki a Kwango, ya jagoranci Runduna ta Biyu a Yaƙin Basasa, ya zama shugaban ƙasa a Yulin 1975. An harbe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976 yana da shekara 37, tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa, aka kawo gawarsa Kano aka binne. Sunansa yana kan babban asibitin birni kusa da Ƙofar Mata, da babban titi, da ɗakin karatu na jiha, da filin jirgin saman Legas, hotonsa kuma yana kan takardar naira 20.

Murtala bai mutu a fagen yaƙi ba, amma dubban samarin da ya jagoranta a can suka mutu. Kafin 1967 sojan Nijeriya bai wuce kimanin mutum dubu goma ba, zuwa 1970 kuwa ya kai kusan dubu ɗari biyu da hamsin, ma'ana an ɗebi samari daga kasuwa da gona da makarantar allo, aka ba su horon 'yan makonni aka tura su daga. Da yawa sun nitse a Kogin Kwara a yunƙurin tsallakawa zuwa Onitsha a Oktoban 1967, wasu suka ƙone a kwanton ɓaunar Abagana a ƙarshen Maris na 1968. Fararen hula ma sun sha wuya a wannan yaƙi, kisan Asaba na 1967 yana cikin tabon da bai warke ba, kuma tunawa ta gaskiya ba ta ɓoye ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Bayan basasa sojojin Nijeriya sun mutu da ɗaruruwa a Laberiya da Saliyo a shekarun 1990 ƙarƙashin rundunar ECOMOG ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wasu kuma a Darfur, kamar waɗanda aka kashe a harin Haskanita a Satumban 2007. A kowane zango akwai Kanawa, kuma a kowane zango hanyar mantuwa ɗaya ce.

Yaƙin da ake ciki

Rikicin Boko Haram bai tsaya a Barno ba, domin Kano ta ɗanɗana shi a harin 20 ga Janairun 2012 da ya kashe mutane kusan ɗari biyu, da harin babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan sarki ranar 28 ga Nuwamban 2014. Cewa birnin ya samu sauƙi bayan waɗannan shekaru yana da nasaba da samarin da suka tsaya a Baga da Damboa da Gwoza da dajin Sambisa, da waɗanda daga baya aka tura dazukan Zamfara da Katsina da Neja.

Daga cikinsu wanda ƙasa ta fi sani shi ne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, kwamandan tankokin yaƙi, wanda ya taka muhimmiyar rawa wajen ƙwato Baga a Fabrairun 2015, aka yi masa ƙarin girma na musamman a wannan shekara saboda jarumtarsa, abokan aikinsa kuma suna kiran sa Sarkin Yaƙi. An kashe shi ranar 4 ga Nuwamban 2016 a Malam Fatori, garin da ke kan iyakar Nijar kusa da Tafkin Chadi, yana da shekara 36, aka binne shi a maƙabartar soja ta ƙasa da ke Abuja, inda babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Yusuf Buratai, ya kasa riƙe hawayensa. Hotonsa ya karaɗe wayoyin mutane a Kano kamar yadda ya karaɗe sauran ƙasa, kuma ya cancanci haka.

Sai dai ba shi kaɗai aka binne a ranar ba. Ƙananan sojojin da suka faɗi tare da shi an karanta sunayensu a bakin kabari, jaridu sun buga su sau ɗaya, kuma da wuya a samu wanda zai iya ambaton ko mutum ɗaya daga cikinsu a yau in ba danginsa ba. A harin Metele na 18 ga Nuwamban 2018 kuwa, inda aka kashe kwamandan bataliyar da ke wurin, Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba, rundunar soja ta ce mutum 23 ta rasa, kafafen labarai kuma suka kawo adadin da ya ninka haka sau da yawa. Idan adadi kansa ya zama abin jayayya, ba a maganar jerin sunaye.

Abin da ke kai saurayi Zariya

Tsohon kallon da ake yi wa aikin soja a cikin birni ya sauya, kuma dalilin sauyin a fili yake. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da suka riƙe dubban ma'aikata sun durƙushe, sana'o'in gado irin su rini da dukanci da saƙa ba sa ɗaukar yawan samarin da ake haifa, wanda ya gama sakandare kuma yakan tarar da kansa tsakanin tuƙin adaidaita sahu da zaman majalisa. Ga irin wannan saurayi, albashin wata da ɗaki a bariki babban abu ne, ko da yake akwai kuma masu shiga don kishin ƙasa ko don gadon uba.

Akan ɗauki kurtu, wato sabon soja mai koyon aiki, yana ɗan shekara 18 zuwa ashirin da 'yan kai, a ba shi horon kimanin wata shida a cibiyar horar da ƙananan sojoji ta Zariya, wadda aka kafa tun 1924, ya fito da muƙamin farabiti, mafi ƙanƙanta a jerin muƙaman soja. Hafsoshi kuwa daga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna suke fitowa. Farabiti da kofur su ne suka fi yawa a bakin daga, su ne kuma suka fi mutuwa, sau da yawa kafin auren fari ya cika shekara biyu, ko kafin a yi auren ma.

Yadda labari ke isowa gida

A ƙa'ida rundunar soja ce ke sanar da wanda mamaci ya rubuta a takardunsa a matsayin magajinsa, kafin labari ya fita. A zahiri kuwa iyalai da yawa sukan fara fahimta ne daga wayar da ta daina shiga, ko kiran wani abokin aikinsa da ya ce a yi haƙuri, ko hoton da aka gani a WhatsApp da Facebook. Akwai kuma waɗanda aka ce sun ɓace a fagen fama, babu gawa babu tabbaci, kuma halin matansu ya fi na kowa tsanani, domin ba su san ko su shiga takaba ba, wato zaman wata huɗu da kwana goma da shari'a ta ɗora wa matar da mijinta ya rasu.

Bayan makonni akan kawo jakarsa, a ciki akwai kaki da takalmi da 'yar sallaya da wayar da fuskarta ta tsage, wani lokaci da tutar ƙasa a naɗe idan dangi sun halarci jana'iza. Uwa takan ajiye hotonsa na ranar yaye kurata a cikin ɗakinta, matarsa kuma takan buɗe fayil, ta tara takardar shaidar mutuwa da ta aure da ta haihuwar yara da ta banki, ta fara zirga-zirgar neman haƙƙi.

Dokokin soja sun tanadi kuɗin jana'iza da kuɗin sallama da inshorar rai da fansho, tare da ɗaukar nauyin karatun wasu daga cikin 'ya'yan mamaci, kuma akwai iyalan da suka samu ba tare da wahala ba. Amma koke-koken jinkiri na watanni da shekaru ba su daina fitowa ba, ga kuma barin gidan bariki bayan wa'adi, wanda ke mayar da bazawara da yaranta ɗaki guda a gidan iyaye a cikin birni. Wata matsalar ita ce saɓani tsakanin takarda da shari'a, domin wanda aka rubuta a matsayin magaji yakan ɗauka kuɗin nasa ne, alhali a hukuncin gado amana ce da za a raba wa uwa da uba da mata da 'ya'ya, kuma irin wannan rikici yakan ƙare a gaban alƙali.

Ra'ayoyi mabambanta

Hukumomin soja suna da hujjarsu. A ganinsu bayyana yawan waɗanda aka kashe nan take yana karya gwiwar waɗanda ke daga, yana kuma ba abokan gaba abin farfaganda, binne soja a maƙabartar Maimalari ta Maiduguri kuwa yana da dalilin nisa da yanayin gawa da kuma al'adar ajiye abokan fama wuri ɗaya. Masu sukar wannan matsayi suna nuni da abin da ya faru bayan kisan sojoji 17 a Okuama ta Jihar Delta a Maris na 2024, inda aka buga sunayensu da hotunansu, shugaban ƙasa ya halarci jana'izarsu, aka ba su lambobin girma, aka yi wa iyalansu alkawarin gidaje da karatun yara. Abin da ya yiwu ga waɗannan, in ji su, zai yiwu ga na Tafkin Chadi.

Malaman Kano, na ɗariƙa da na Izala, ba su ganin mutum-mutumi da furanni a matsayin abin da ke amfanar mamaci, ko da yake sun saɓa a kan sadakar uku da bakwai da arba'in. Suna karantar da cewa shahidin fagen fama ba a yi masa wanka, da tufafinsa ake binne shi a inda ya faɗi, kamar yadda aka yi wa shahidan Uhudu, ciki har da saurayin nan Mus'abu ɗan Umairu, wanda mayafinsa bai isa ya rufe kansa da ƙafafunsa ba, sai da aka ƙara da ciyawa. Wannan karatu yana sanyaya zuciyar iyayen da ba su ga gawar ɗansu ba. Malaman suna kuma jan hankali cewa yanke wa wani mutum hukuncin shahada na Allah ne, bawa dai yana kyautata zato yana addu'a.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne haƙƙin waɗanda aka bari. Sunayen shahidan Badar da Uhudu an adana su ɗaya bayan ɗaya a littattafan tarihin Musulunci, kuma da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya faɗi a Mu'uta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je gidansa, ya rungumi 'ya'yansa, ya yi umarni a dafa wa iyalinsa abinci. Rubuta suna da kula da maraya, ke nan, suna da tushe a addini tun kafin a san bikin 15 ga Janairu.

Akwai kuma waɗanda zuciyarsu ta yi sanyi game da kaki, kuma ba a rasa dalili ba. Kisan da aka yi a Zariya a Disamban 2015, wanda kwamitin bincike na Jihar Kaduna ya ce ya ci fiye da mutum ɗari uku, da harin jirgi maras matuƙi a kan masu Mauludi a Tudun Biri a Disamban 2023, da cin zarafin da ake gani a shingayen hanya, duk sun ƙarfafa maganar nan ta soja marmari daga nesa. Neman a hukunta mai laifi haƙƙi ne, amma laifin wani ba ya shafe jinin farabitin da ya mutu a ramin tsaro yana kare garin da bai taɓa sani ba. Haka kuma da yawa daga cikin waɗanda suka mutu domin Kano ta yi barci Kiristoci ne daga Binuwai da Filato da kudancin ƙasa, kuma su ma suna da haƙƙin a ambace su.

Abin da Kano za ta iya yi da kanta

Biyan haƙƙin mamaci a kan lokaci, da sanar da iyali kafin kafafen sada zumunta su riga, da buga sunan kowane sojan da ya faɗi bayan an sanar da danginsa, nauyi ne na gwamnatin tarayya da rundunar soja, kuma ya kamata 'yan majalisar da ke wakiltar Kano su riƙa bin kadinsa. Amma akwai aikin da ba ya jiran Abuja.

Masarauta tana da tsarin da ya kai kowane lungu, daga hakimi zuwa mai unguwa, kuma babu mai unguwar da bai san gidan da aka yi rashin soja a unguwarsa ba. Idan aka haɗa wannan tsari da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha da sashen tarihi na Jami'ar Bayero, za a iya buɗe kundi guda da zai ƙunshi sunan kowane ɗan Kano da ya mutu a bakin aiki, da unguwarsa, da shekarunsa, da inda ya faɗi, da inda aka binne shi, a ajiye kwafinsa a Gidan Makama. Tsofaffin da suka je basasa suna ƙarewa, 'ya'yan waɗanda suka je Burma su ma sun tsufa, don haka duk shekarar da ta wuce tana tafiya da sunayen da ba za a sake samu ba.

Wannan kundi shi zai zama jagora ga Hukumar Zakka da Hubusi da attajiran kasuwannin Kwari da Singa da Kurmi da kwamitocin masallatai wajen gano marayun da ke buƙatar kuɗin makaranta da zawarawan da ke buƙatar jari, ƙungiyar tsofaffin sojoji kuma ta taimaka musu da bin takardu. Limamai suna iya ware addu'a da huɗuba a kan haƙƙin waɗannan iyalai fiye da sau ɗaya a shekara.

Kira ga gwamnatin jiha da masarauta da malamai da masu hali shi ne a fara wannan aiki tun masu ba da shaida suna raye, kira ga kowane magidanci kuma shi ne ya binciki gidan sojan da ya rasu a unguwarsu, ya san halin da yaransa ke ciki. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya abin da suka bari, ya kawo ƙarshen wannan yaƙi.